Ta Karanta Kula da Ma'aikata, To 'Yar Aikinta Fa?

 Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan karon wani abu ne da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba, kuma tun daga ranar yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata ranar Asabar ce na kai ziyara gidan wata ƙawata da muka yi sakandare tare. Ita Allah ya yi mata buɗi, ta wuce jami'a ta karanta fannin kula da ma'aikata, yanzu haka ita ce ke riƙe da ofishin ma'aikata a wani kamfani. Da ka shiga falonta abin da za ka fara gani shi ne ƙaton hotonta na ranar gama makaranta, ga doguwar riga ga hula mai geza, sai murmushi take yi. Muna cikin hira tana ba ni labarin yadda ta tsaya tsayin daka sai da aka biya wani direban kamfaninsu kuɗin hutunsa da aka danne, ni kuwa ina ta sa mata albarka, sai ga 'yar aikinta ta shigo da tire, yarinya ce da ba za ta wuce shekara 13 ba. Tsautsayi da ba ya wuce ranarsa, kofi ɗaya ya suɓuce ya fashe. Kafin in ce ayya, ƙawata ta miƙe ta rufe ta da faɗa, ta ce wallahi a kuɗin aikinta za ta cire. Yarinya ta durƙusa jiki na rawa tana cewa, "Anti don Allah ki yi haƙuri," tana tsince kwalba da hannu.

Bayan ƙura ta lafa na ce, "Ni kuwa ƙawata, nawa kike biyan yarinyar nan?" Ta ce ai ba ita ake ba ba, matar da ta kawo ta daga ƙauye ce ke zuwa karɓa duk ƙarshen wata. Na ce a ina take kwana? Ta ce a sito, kusa da kicin. Na ce wace rana ce take hutawa? Sai ta bushe da dariya ta ce, "Ke ma dai da neman magana, hutu kuma? Sai ka ce wata ma'aikaciyar gwamnati."

Wannan dariya ita ce ta bi ni har gida. Domin kuwa ƙawata ba muguwa ba ce, mace ce mai kyauta da zumunci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai shafe shekara huɗu yana karanta haƙƙin ma'aikaci, ya ci jarrabawa, ya yi aiki da shi a ofis daga safe zuwa la'asar, amma da ya dawo gida sai ya tuɓe ilmin tare da takalminsa a bakin ƙofa. To laifin na wane ne, na ɗaliba ne ko na karatun? Ni dai a ganina kowa yana da kasonsa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga wadda ba ta san fannin ba, bari in ɗan warware mata. Duk wata ma'aikata, banki ne ko asibiti ko makaranta ko masaƙa, tana da ofishin da ke ɗaukar ma'aikata, ya horar da su, ya tsara albashinsu da ƙarin girma da hutu, ya ladabtar da mai laifi, ya zauna da ƙungiyar ƙwadago in rigima ta tashi, ya kuma shirya wa wanda ya tsufa takardun fansho. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati fasonel suke ce masa, 'yan zamani kuwa HR suke cewa. Jami'o'i da dama suna ba da digiri a kansa shi kaɗai, wasu kuma suna koyar da shi a cikin kwas ɗin harkokin kasuwanci ko na mulki. Masu sana'ar suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, CIPM, wadda aka kafa a 1968, doka ta ba ta cikakken iko a 1992, ita ce ke yi wa mutum jarrabawa ta ba shi shaidar ƙwarewa. Ilmi ne mai amfani, wannan ba na ja. Duk wanda ya taɓa yin wata uku yana zarya a kan albashinsa da ya maƙale ya san darajar ofishin da ke aikinsa da gaskiya.

To amma fa ƙorafina na farko a kan yadda 'yan matanmu ke shiga kwas ɗin ne. Da yawa ba zaɓarsa suka yi ba, faɗawa suka yi. Yarinya ta nemi likitanci ko lauya, maki bai kai ba, sai wani kawu ya ce a saka ta a nan kada ta zauna a gida. Wata kuma saurayi ne ya ce ya fi son ta yi wannan, wai aikin zama ne a cikin sanyi, ya dace da mace, babu kwanan asibiti babu yawo. Wata ƙawarta ce ta ce mata babu lissafi a ciki. Duk waɗannan ruɗi ne. Lissafi yana nan daram, domin wadda ba ta iya lissafi ba ta yaya za ta tsara albashin mutum 300, ta cire haraji, ta ware kuɗin fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai kamfani ya zuba kashi 10, in kika kuskure a nan kin cuci tsufan wani bawan Allah. Zancen zama cikin sanyi kuwa, ranar da aka miƙo miki takardar korar magidanci mai 'ya'ya bakwai aka ce ke za ki ba shi hannu da hannu, ranar za ki san sanyin ofis ba ya hana gumi.

Ƙorafi na biyu a kan karatun kansa ne, da yadda ake bayar da shi. Sunan da Turawa suka sa wa fannin ma abin dubawa ne, domin in aka fassara shi kai tsaye yana nufin sarrafa mutane a matsayin dukiyar kamfani, wato an jera ɗan Adam layi ɗaya da injin da mota da buhunan kaya. Wannan tunani yana da asali. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Frederick Taylor ya fitar da littafinsa a 1911, kuma har gobe da shi ake fara wa ɗalibai. Shi ne mutumin da ke tsayawa a kan leburori da agogo a hannu yana auna kowane motsi nasu. Bisa ga abin da shi da kansa ya rubuta, a wani kamfanin ƙarfe ya sa leburan da ke loda tan 12 da rabi a rana ya koma loda tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. To 'yar uwa yi lissafi da kanki. Aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada kuwa ko ninki biyu bai yi ba. Ragowar ta tafi aljihun wa? Har ma ya kwatanta irin mutumin da ya dace da wannan aiki da bijimin sa. Ɗaliba za ta haddace ƙa'idojin Taylor ta zuba a takarda ta samu maki, amma da wuya a tsayar da ita a ce, ke a ganinki an yi wa leburan nan adalci?

Haka labarin 'yan matan Hawthorne, wanda ya kamata a ce mu mata ya fi taɓa mu. Wata masana'anta ce ta kayan tarho kusa da birnin Shikago, inda aka yi bincike daga 1924 zuwa 1932. A 1927 aka ware 'yan mata biyar masu harhaɗa ƙananan na'urori aka sa su a ɗaki na daban, aka riƙa ba su hutun 'yan mintoci, da ɗan abin taɓawa, da rage awoyin aiki, sai aka ga aikinsu yana ta ƙaruwa. Elton Mayo na jami'ar Harvard shi ya fi yayata sakamakon, cewa ma'aikaci in ya ga ana kula da shi ana jin ta bakinsa, zai ƙara ƙwazo. Magana ce mai daɗi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai abin da 'yan takardun da ake raba wa ɗalibai ba su cika faɗa ba shi ne, an sauya wa 'yan matan tsarin biya ta yadda ƙoƙarinsu zai fi fitowa a aljihunsu, sannan biyu daga cikinsu an cire su aka kawo wasu saboda an ce sun cika surutu ba sa ba da haɗin kai, ɗaya daga cikin sababbin kuma tana da nauyin gida a kanta, ita ce ta zo ta fi kowa sauri. Ashe ba fara'ar shugaba kaɗai ta yi aiki ba, har da kuɗi, da tsoron a cire mutum, da talauci. Ɗalibar da aka ba ta rabin labari ita ce gobe za ta ɗauka in ta shirya wa ma'aikata walimar ƙarshen shekara da lemo da cincin ta gama da su, alhali albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata.

Ba ina cewa a watsar da littattafan Turawa ba ne, ilmi ai kayan mumini ne duk inda ya tsince shi. Abin da nake cewa shi ne a daina hadda kamar aku. Sannan a waiwayo gida, don mu ma muna da tarihin ƙwadago. Akwai babban yajin aikin 1945 da su Michael Imoudu suka jagoranta, wanda ya wuce kwana 40. Akwai masu haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Enugu ranar 18 ga Nuwamba 1949 a kan neman haƙƙinsu. Akwai ƙarin albashin Udoji na 1974 da tsadar kaya da ta biyo bayansa. Akwai masaƙun Kaduna da na Kano da suka ɗauki dubban mutane, suka zo suka durƙushe, magidanta suka koma gida hannu rabbana. Ko da an taɓo waɗannan a aji, sau da yawa a gurguje ne, kamar mai tsallake kwata.

Bugu da ƙari, yawancin mutanenmu ba a kamfani mai bene suke aiki ba. Je ki Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi ko Dawanau ki ga yadda maigida ke ɗaukar yaron shago, ya gwada amanarsa da ɗan ƙaramin aike, ya sakar masa aljihun tebur sannu a hankali, ya yi masa aure, in lokaci ya yi ya ba shi jari ya yaye shi. Wannan shi ne ɗaukar aiki da horarwa da ƙarin girma da sallama irin tamu, da kyawunta da kuma muninta, domin akwai yaran da suka yi shekara goma suna bauta aka kore su ba ko sisi saboda babu rubutu. Ina laifin a tura ɗalibai su zauna da waɗannan 'yan kasuwa, su gano abin da ke sa tsarin ya ɗore da abin da ke sa ya zama zalunci? Amma ina, sai a yi ta kawo misali da kamfanonin Amurka da Japan waɗanda ɗalibar ba za ta taɓa taka ƙofarsu ba.

Ƙorafi na uku, ba a cika gaya wa yarinya gaskiyar kujerar da za ta hau ba. Ana ce mata ita ce uwar ma'aikata. Eh, amma albashinta daga hannun mai kamfani yake fitowa. Tsakanin wuta biyu take. Ranar da manaja ya ajiye mata sunan ɗan ƙanwarsa ya ce a ɗauka, ga kuma wata marainiya da ta fi kowa cin jarrabawar, me za ta yi? Ranar da wata ƙaramar ma'aikaciya ta shigo tana kuka ta ce oga ya matsa mata da maganar banza, ogan kuma shi ne mai sa hannu a ƙarin girmanta ita kanta, me za ta yi? Babu wata ƙa'ida da aka haddace da za ta tsaya mata a wannan rana sai tsoron Allah da sanin doka.

Dokar kuwa tana nan a rubuce, ko da yake da yawanmu ba mu san ta ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki a wurin, kuma ta hana a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. Ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba jariri nono. Ta ba wanda ya shekara yana aiki hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Wannan shi ne mafi ƙaranci, wasu wuraren suna ba da fiye da haka. Mace nawa ce a makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci aka sallama don kawai cikinta ya fito? In 'yar uwarta mace da ke ofishin ma'aikata ta yi shiru, wa zai yi magana?

Yanzu bari mu dawo gida, inda zancen ya faro, domin nan ne ya shafi kowaccenmu, mai digiri da wadda ko firamare ba ta gama ba. Uwargida, in kina da 'yar aiki, ko mai wanki da guga, ko almajirin da ke miki shara da cefane, to ke ma shugabar ma'aikata ce, kin sani ko ba ki sani ba. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta yanke, naira 30,000 a 2019 da naira 70,000 a 2024, bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka babu wani jami'i da zai ƙwanƙwasa miki ƙofa a kan wannan. Daga ke sai Allah. Amma ki sani dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, kuma ƙungiyar ƙwadago ta duniya a yarjejeniyarta ta 2011 ta ce mai aikin gida ma'aikaci ne kamar kowa, yana da haƙƙin hutun awa 24 a jere duk mako. Abin da ƙawata ta yi wa dariya ke nan.

A aji an koya mata tsanin buƙatu na Abraham Maslow na 1943, cewa sai mutum ya samu abinci da barci da kwanciyar hankali kafin a yi zancen ƙwazo. To yarinyar da ke tashi kafin asuba, ta kwanta bayan kowa, ta ci ƙanzo a tsaye, wane ƙwazo ake nema a wurinta? An koya mata maganar Douglas McGregor ta 1960, cewa shugaban da ya ɗauki na ƙasa da shi malalaci ne marar amana, tsare shi zai yi ta yi, shi kuma na ƙasan ba zai yi komai ba sai an tsaya a kansa. A ofis ta gane wannan, a gida kuwa har sukari a kulle yake. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na san wata za ta ce, ke ba ki san halin 'yan aikin yanzu ba, ga sata, ga ƙarya, ga gudu ana tsakiyar buƙatarsu. Na sani, ni ma an yi mini. Amma ai maganin wannan shi ne ainihin abin da fannin ke koyarwa. Kafin ki ɗauki yarinya ki san iyayenta da garinsu, kada ki tsaya ga dillaliya kawai. Ku yi magana a fili gaban shaida: ga aikin, ga lada, ga ranar biya, ga ranar zuwa ganin gida. Ki tabbata kuɗin yana isa hannun mai shi ko iyayenta. Ki koya mata aikin kafin ki kama ta da laifin rashin iyawa, don wadda ta taso da murhu ba za ta san kan gas rana ɗaya ba. In ta yi kuskure ki ja ta gefe, ba a gaban baƙi ba. In ta yi abin kirki ki yaba. Ki sa ta a Islamiyya ko makarantar yamma, ko ki koya mata ɗinki ko girkin sayarwa, yadda ranar da za ta bar gidanki ba za ta fita da tsofaffin atamfofinki kaɗai ba. In kuwa zama ya ƙi, ki biya ta cas ki mayar da ita hannun iyayenta da mutunci. Addininmu ya riga jami'a faɗar wannan, ya hore mu da gaggauta biyan lada da ciyar da na ƙasa da mu irin abin da muke ci, kuma Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba.

Ke kuma ƙanwata da ke shirin cike takardar JAMB, ban ce kada ki zaɓi wannan kwas ba, hasali ma muna buƙatar mata masu tsoron Allah a waɗannan kujeru. Amma ki shige shi da ido buɗe. Ki dage da lissafi da Turanci da kwamfuta. Ki nemi dokar ƙwadago ki karanta da kanki, kada ki tsaya ga abin da za a tambaya a jarrabawa. Duk wata ƙa'ida da malam ya kawo ki tambayi kanki, wa ta amfana, wa ta bari a baya? In an yi hutu ki zauna da masinja da mai shara da maigadi ki ji yadda suke ƙarasa wata. Malamanmu na jami'a kuma, da girmamawa, a taimaka a shigo da kasuwa da gida cikin aji.

Ƙawata dai na koma na same ta mu biyu na gaya mata abin da ke raina. Da farko ta ɗaure fuska ta ce na shigar mata hanci da ƙudundune, daga baya ta yi shiru. Ban san abin da za ta yi ba, shiriya ta Allah ce. Ni dai da na dawo gida sai na tuna bashin wanki biyu da mai wankina ke bina tun makon jiya, ban kwanta ba sai da na aika masa.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, ya sa iliminmu ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.